Ɗan'uwanki da Na Ɓoye Miki

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga innarki Hauwa zuwa ga ɗiyata Asabe. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaishe da mijinki Usmanu. Allah ya tsare muku hanya daga nan har Bor Sudan, ya kwantar muku da teku, ya sauke ku Jidda da ƙafar dama. Allah ya raba ku da sharrin hanya da na masauki.

Da hannuna na rubuta wannan, da ajamin da mahaifina ya koya mini, domin ba maganar da zan zauna gaban mai rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwar Hajj Abdalla in faɗa ba ce. Na san Larabci ya fi miki sauƙin karatu. Ki daure ki bi ta a hankali. Na cusa ta cikin ƙullin busasshiyar kuɓewa ne don kada ki gan ta sai kin yi nisa, saboda ba zan iya faɗar abin da ke cikinta ina kallon idonki ba.

Matan hilla, ƙauyen nan namu, sun cika miki kunne da nasiha, ki yi haƙuri, ki yi biyayya, ki iya girki. Duk gaskiya suka faɗa. Ni abin da nake da shi in ba ki guzuri kurakuraina ne.

Kina da wata uku a duniya tsutsa ta cinye audugar mutumin da babanki ke yi wa aiki. Lokacin ba mu da hawasha, wato gonar auduga, tamu ta kanmu, ƙwadago kawai muke yi a gonakin mutane. Sai muka tattara muka koma Madani. Babanki ya shiga dako a kasuwa, ni kuma wata tsohuwa ta kai ni aikin gida wurin wani mai sayar da yadi, Hawaja Dawud, da matarsa Sitt Rahel. Sai da na yi kwana uku a gidan kafin na san Yahudawa ne.

Ba su da yawa a garin, gida bakwai ne duka. A bayan gidan Dawud akwai wani ɗaki mai benci huɗu, nan suke taruwa ranar Asabar. Addu'arsu ta jama'a ba ta tsayuwa sai maza goma sun cika, su kuwa sha ɗaya ne, har da wani tsoho, Ammi Shalom, wanda ke ja musu karatu. In zazzaɓi ya kwantar da mutum biyu, shi ke nan. Na sha ganin tsohon nan a bakin ƙofa yana ƙirga masu shigowa da ido, leɓensa na motsi. Shi ya sa ba mai iya riƙe ɗan'uwansa da fushi a cikinsu. In kun ɓata ranar Laraba, dole ku shirya kafin Asabar. Ranar Asabar ɗin ba sa taɓa wuta, ni ke hura musu. Da Sitt Rahel ta ji ma'anar sunanki ta yi ta dariya, ta ce, "Ashe ranar hutunmu ta zo duniya, shi ya sa ba ta da rigima."

Da sanyi ya shigo, bayan an yanke dawa, kafin a fara tsinkar auduga, sai idinsu ya zo. Hanuka suke ce masa, mu masu aiki muna cewa idin fitilu. Kwana takwas ake yi. Suna da wata fitila ta tagulla mai ƙananan ƙoƙuna takwas a jere, da na tara a sama wanda ake kunna sauran da shi. Da magariba ta farko ƙoƙo ɗaya, kashegari biyu, har su cika. Sai a ajiye ta a taga. Kowace yamma gida ɗaya ke karɓar sauran, a soya zalabiya cikin mai, a tsoma a zuma, yara su yi ta waƙa. Muddin fitilar na ci, mace ba ta aiki. Ni ma Rahel takan ƙwace tsintsiya daga hannuna ta ce, "Zauna, ya Hauwa, ke ba mace ba ce?"

Yammar farko ta cika mini faranti da zalabiya ta ce in kai wa babanki. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Da na zaga bayan gida sai na juye wa awakin maƙwabta, domin na ji ana cewa abincinsu ba ya ciwuwa. Ina ɗaga kai sai ga ta a taga tana kallona. Da safe ta ajiye mini gari da kwalbar man riɗi ta ce, "Wannan ki soya da hannunki a gidanki, yadda ranki zai kwanta." Asabe, da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Da muka je hilla na tambayi mahaifina, ya ce, "Wa ya gaya miki haramun ne? Abincin ma'abota littafi halal ne a gare mu. Kin zubar da arziki, kin kuma zubar da mutuncin mai kyauta."

Za ki zauna cikin mutanen da ba ki san al'adarsu ba. Kada ki yanke wa kowa hukunci da abin da kika tsinta a bakin rijiya. Ki tambayi mai sani tukuna. In kuwa ba za ki iya cin abu ba, ki faɗa wa mai shi a fuskarsa da lafazi mai daɗi, ya fi ki karɓa ki zaga baya.

Da bazara Rahel ta haifi namiji, aka sa masa Yusuf. Kwana huɗu da haihuwa zazzaɓi ya kama ta, nononta ya ƙafe. Aka gwada nonon akuya, yaro ya yi ta amai. Aka gwada na gwangwani, haka. Matan gidajen nan bakwai suna ta shiga da fita, babu mai shayarwa a cikinsu. Rana ta uku kukansa ya koma kamar na ɗan mage. Ina tsakar gida ina ba ki nono sai Rahel ta fito tana dafa bango, ta zauna a ƙasa kusa da ni, ita da ba ta taɓa zama a ƙasa ba. Ba ta roƙe ni ba. Kallonki kawai take yi kina tsotso. Sai na ce, "Kawo shi."

Ke a dama, shi a hagu, wata goma. Kina ture shi da ƙafa, yana kama miki yatsa. Ke kin san hukuncin wannan a addininmu. Yusuf ɗan'uwanki ne, ƙaninki, ba aure tsakaninku, ba hijabi. Kin yi shekara ashirin ana ce miki ke kaɗai Allah ya bar mini. Ba gaskiya ba ne.

Na ɓoye. Na sa Rahel ta yi mini alkawari babanki Garba ba zai ji ba, ina tsoron a ce matar Garba ta ba ɗan Bayahude nono. Da idin fitilu ya zagayo, ranar ƙoƙo na takwas, gidan ya cika, Yusuf ya yi ɓul-ɓul yana rarrafe tsakanin ƙafafun mutane. Rahel ta kamo hannuna ta kawo ni tsakiyar ɗaki, ta yafa mini sabon tob, mayafin matan ƙasar nan, ta ce, "Ku gan ta, wannan ita ce uwar Yusuf ta biyu." Ammi Shalom ya miƙe tsaye saboda ni, duk tsufansa. Ni kuwa sai na hango mai kawo musu ruwa a bakin ƙofa, mutumin hillar da ke kusa da tamu. Na cire tob ɗin na ninke na ce da ƙarfi, "Ni mai aiki ce kawai, ya Sitt." Tsohon ya koma ya zauna a hankali.

Ɗiyata, mutum kan ji kunyar sata, ya ji kunyar ƙarya. Ni alherin da ya fi kowane girma a rayuwata shi na ji kunya. In Allah ya sa kika yi wani abin kirki, kada ki binne shi don tsoron baki. Abin da aka ɓoye yakan ruɓe, ko da mai kyau ne.

Shekarar da Ingilishi suka tafi aka yi yaƙi a Masar, daga nan Yahudawan garin suka fara raguwa. Ba sa sallama. Sai ka ji an ce gidan wane sun tafi hutu, an bar kayan ɗaki yadda suke, har da shanya a igiya. Maza suka koma takwas, suka koma shida. Ammi Shalom bai daina tsayawa a bakin ƙofa ba, sai dai ƙirgar ba ta ɗaukar lokaci. Wani lokaci sukan aika Khartum a roƙi mutum uku ko huɗu su biyo jirgin ƙasa su cika musu goma. Da farko suna zuwa, daga baya can ma babu.

Kina da shekara biyar muka dawo hilla, babanki ya sami rabin hawasha. Amma duk sanyi nakan ce za ni Madani ganin likita, in ɗauki kwalbar man riɗi in kai wa Rahel don fitila. Yusuf yakan rugo ya rungume ni yana cewa "Inna, Inna." Ya iya gaisuwa da Hausa har da "ina gajiya". Na lura fitilar ta sauka daga taga ta koma ƙasa a bayan kujera, tagogi a rufe, waƙar ma ciki-ciki.

Yanzu na zo wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa.

Kina da shekara goma sha huɗu aka sake yaƙi tsakanin Larabawa da Yahudawa. Rediyo ba ya shiru, a kasuwa kowa idonsa ja. Mu kuma a lokacin babanki ya shekara biyu yana neman takardar jinsiyya, ta zama ɗan ƙasa, domin sai da ita za a rubuta hawashar da sunansa. Ko da yake a nan aka haife shi, kullum sai a ce masa Fallata, sunan da suke kiranmu da shi, baƙi ne, ya dawo gobe. Muna tafiya kamar masu taka ƙwai.

Wata rana bayan azahar, babanki yana gona, ke kina wanki a bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, sai na ji sallama. Na leƙa. Rahel ce, ta lulluɓe da tob irin na matan ƙauye, ƙafarta duk ƙasa, daga bakin titi inda lori ya sauke su suka tako. Yusuf na bayanta riƙe da ƙaramar jaka, ya kusa kamo ni tsawo.

Ta ce, "Ya Hauwa, an tafi da Dawud tun shekaranjiya, wai tambayoyi za su yi masa. An jefi kanti da duwatsu. Ni zan koma in jira shi. Yaron nan kawai nake so ki riƙe mini kwana goma, har ƙura ta lafa."

Na ce, "Sitt Rahel, nan ƙauye ne, kowa ya san kowa."

Ta ce, "Ki ce ɗan uwargijiyarki ne ya zo shan iska. Zai yi duk aikin da kika sa shi."

Na duba hanya. Na hango mata biyu suna tahowa da tulu. Abin da ke kaina kawai takardar babanki, da abin da zan ce masa in ya tambaye ni me ya haɗa ni da su har haka. Na ce, "Maigida ba zai yarda ba."

"Kin tambaye shi?"

"Na san halinsa."

Sai Yusuf ya matso ya ce da Hausa, "Inna, ina wuni?" Muryarsa ta fara buɗewa. Ban amsa ba, Asabe. Na shiga ciki na ɗebo ruwa a ƙwarya na miƙa musu a waje, ko zaure ban shigar da su ba. Rahel ta sha, ta ba shi, ya girgiza kai. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Ba komai. Allah ya rufa miki asiri." Suka juya cikin ranar nan. Da kika dawo kika ce kin gamu da wata farar mata da ɗanta a hanya, su wane ne? Na ce masu tallan yadi ne.

Me zan ce miki a kan wannan? Na juya shi shekara bakwai ban sami nasihar da ta kai girmansa ba. Tsorona ba na ƙarya ba ne, da gaske ana iya cutar da mu. Amma ki sani tsoro ba ya zuwa da sunansa. Zuwa yake da sunan hankali, da sunan kare iyali, ya ba ki hujja mai kyau. Ke ma baƙuwa za ki zama a can, da takarda a hannu wadda za a iya ƙwacewa. Wata rana wani zai tsaya a ƙofarki wanda ya fi ki rauni. Ban ce za ki fi ni ba, don ban sani ba. Roƙona kawai ki shigar da shi ciki tukuna, ki ba shi tabarma, sannan ki zauna ki ji tsoronki.

An saki Dawud bayan sati uku. Rahel ta aiko direban lori ya gaya mini ranar Alhamis za su bar Madani, in zo mu gana. Na ce wa kaina ana shuka, ba hali. Na ce Alhamis ta gaba ma rana ce. Gaskiyar ita ce ba ni da fuskar da zan kai. Sai da sanyi ya shigo na ɗauki kwalbar mai na hau lori.

Wasu mutane na tarar a gidan. Ɗakin benci huɗu an cika shi da buhunan albasa. Wata maƙwabciya ta nuna mini inda Ammi Shalom yake, a wani ɗaki ɗaya bayan kasuwar gawayi. Shi kaɗai ya rage. 'Ya'yansa sun yi sun yi ya bi su ya ƙi, ya ce matarsa tana kwance a ƙasar nan. Idonsa ya kusa tafiya, da muryata ya gane ni.

Na ce, "Ammi, Sitt Rahel ba ta bar mini saƙo ba?"

Ya ce, "Ta tsaya a tasha tana duban hanya har jirgi ya yi kuka. Saƙo kam ba ta bari ba."

"Yusuf fa?"

"Shi bai duba hanya ba."

Magariba ta kawo kai. Ya ce yau yamma ta biyar ce, amma mansa ya ƙare tun ta biyu. Na zuba masa nawa a ƙoƙunan wata tsohuwar fitilar gwangwani, na murza masa lagwani da auduga. Hannunsa na karkarwa, wuta ta ƙi samun lagwani, sai na riƙe masa wuyan hannu har biyar ɗin suka kama. Ya yi addu'arsa da harshensu, ya kai ƙarshe ya dakata, kamar yadda ya saba dakatawa jama'a su amsa. Ba kowa. Sai na ce, "Amin." Ya juyo da fuskarsa wajena, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Zauna, ya binti. Fitila na ci." Na zauna har ta mutu. Kafin damina aka ce ya rasu, 'yan dako huɗu ne suka ɗauke shi.

Abin da za ki yi yau na neman gafara kada ki kai shi gobe. Kunya ba ta raguwa da jira, ƙaruwa take yi, mutane kuma ba sa tsayawa inda kika bar su.

Takardar jinsiyya ta fito bayan shekara biyu. Babanki bai ci moriyarta da yawa ba. A ciwonsa na ajali, wata safiya ina ba shi kunu, na gaya masa komai, tun daga nono har ƙwaryar ruwa. Na ɗauka zai yi faɗa a kan shayarwar. Ya ture kunun gefe. Sannan ya ce, "Hauwa, yaron da ya sha nonon matata ai ɗana ne. Ashe ɗana kika kora daga ƙofata, kika kuma ce ni ne ban yarda ba." Ya ce ya yafe mini. Amma har ya koma ga Allah, kullum sai ya tambaye ni kamannin yaron, dogo ne, yana da fara'a, me yake son ci. Sama da shekara goma sha biyar ina tsoron mutumin da ban tsaya na san shi ba. Kada ki yi wa Usmanu haka. Kada ki yanke hukunci da bakinsa alhali ba ki tambaye shi ba.

Kwanan nan in na ji kiran sallar la'asar nakan leƙa ta katanga in ga masu shiga masallacin hilla. Da sahu huɗu ne, yanzu ɗaya da rabi, duk masu furfura. Samari sun tafi Khartum, sun tafi Jidda, waɗanda suka rage in ka yi musu Hausa su amsa da Larabci. Na kama kaina ina ƙirga su, leɓena na motsi. Ban hana ki tafiya ba, ba abin da zan ce ki zauna dominsa. Amma na ga yadda jama'a ke ƙarewa, ba da rana ɗaya ba, gida-gida ne, kowa da dalilinsa mai kyau. In kin sami 'yan'uwa a can, ko gida uku ne, ki riƙe su. Ki je sunansu, ki je makokinsu, ki kai musu tuwon sallah ko kun ɓata. Ki yi wa 'ya'yanki Hausa ko suna dariya.

Na san ba za ki gamu da Yusuf a inda za ki ba. Ban san ƙasar da yake ba, ban san ko yana raye ba. Amma ki gaya wa 'ya'yanki suna da kawu, Yusuf ɗan Dawud, haifaffen Madani, yana da tabo a goshi inda ya faɗi a bakin murhuna. Kada kuma ki rubuto mini cewa ba laifina ba ne. Na san laifina, ki bar mini shi.

Ƙirjina ba ya barin ni in yi nisa da tafiya yanzu, ban sa rai zan sake ganinki ba. In na saɓa miki ki yafe mini, ni na yafe miki duniya da lahira, na yafe miki nonon da kika sha. Allah ya tsare ki a tudu da ruwa, ya ba ki maƙwabta na gari, ya sa in kin ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe miki. Allah ya tsare Usmanu. Allah ya tsare ƙaninki a duk inda yake, ya haɗa shi da waɗanda suka fi ni. Shi ma na yafe masa nonon, ko da ba zai taɓa ji ba.

Wassalam.

Innarki, Hauwa.